Daga Ghent Zuwa Basel: Bin Sawun Malamai da Masu Zanen Arewacin Turai

Sana'ata gyaran rubutu ce kafin ya shiga maɗaba'a, saboda haka da wani taro ya kai ni Brussels, babban birnin Beljiyam, a farkon lokacin sanyi, sai na yanke shawarar ƙara 'yan kwanaki in bi garuruwan da ilimin Girkawa da Romawan dauri ya yada zango bayan ya hayo duwatsun Alps daga Italiya, a ƙarni na 15 da na 16. Malaman da suka ɗauko wannan ilimi manufarsu ɗaya ce: a koma ga littattafan asali cikin harsunan da aka rubuta su, a tsabtace su daga kura-kuran masu kwafa, sannan a tarbiyyantar da yara a kan nahawu da balaga da waƙa da tarihi da kyawawan ɗabi'u. Abin da nake son gani da idona shi ne hanyar da ilimin ya bi, da hannuwan da suka riƙe shi, da kuma aljihun da ya biya kuɗinsa.

Na fara da Ghent, wadda ba ta kai tafiyar sa'a guda a jirgin ƙasa daga Brussels ba. A babbar majami'ar Saint Bavo akwai wani zane mai ɓangarori da yawa a kan allunan itace, wanda wa da ƙane, Hubert da Jan van Eyck, suka yi, aka kammala shi a 1432 da kuɗin wani attajirin garin mai suna Joos Vijd da matarsa. Yana cikin wani katon akwatin gilashi, kuma ɗaya daga cikin allunan kwafi ne, domin an sace na asalin a 1934 har yau ba a same shi ba. Jama'a suna ta kallon manyan siffofin da ke sama, ni kuwa ciyawar da ke ƙasa ce ta tsayar da ni, domin an zana kowane ganye da kowane fure da irin kulawar da har masana tsirrai suka iya tantance gomomin ire-irensu. A ƙirjin ɗaya daga cikin mawaƙan da aka zana akwai wani dutse mai daraja, a cikin dutsen kuma, idan mutum ya matsa ya ƙura ido, zai ga hasken wata 'yar taga yana ƙyalli. Hikimar tana cikin launin da aka dama da mai, ana shafa shi siri-siri, shafi bisa shafi, har haske ya riƙa ratsa shi, alhali yawancin masu zanen Italiya a lokacin da ƙwai suke dama nasu launin. Wannan ya nuna mini tun daga zangon farko cewa mutanen arewa ba karɓa kawai suka yi daga Italiya ba, su ma suna da nasu. Tommaso Portinari, wakilin bankin gidan Medici a Bruges, ya sa Hugo van der Goes ya yi masa wani babban zane, aka kai shi Florence a 1483, masu zanen can suka yi ta koyi da shi.

Mai masaukina a Brussels ɗan kasuwa ne mutumin Maraɗi, wanda ke tura tsofaffin motoci zuwa Kwatano daga unguwar Heyvaert. Da na gaya masa zan je unguwar Anderlecht in ga gidan Erasmus, shahararren malamin nan ɗan Holan, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ni wannan suna a asibiti da tashar jirgin ƙasa na san shi. Ashe har gida gare shi?" Ya kai ni bakin ƙofa ya koma harkarsa. Gidan na jan bulo ne, da ɗan lambun tsirran magani a bayansa, kuma Erasmus baƙunci kawai ya yi a ciki, na wata biyar a 1521. Duk da haka wurin ya isa a fahimci mutumin. An haife shi a Rotterdam a ƙarshen shekarun 1460, ɗan wani limamin coci ne da ba a yi aure aka haife shi ba, ya yi karatu a makarantar Deventer, talauci da maraici suka tura shi gidan sufaye, daga nan ya fita ya shiga yawon neman ilimi wanda bai ƙare ba sai da ransa: Faris a 1495, Ingila a 1499 inda ya ƙulla abota da masanan ƙasar, Thomas More da John Colet, sannan Italiya daga 1506 zuwa 1509. Littafin da ya fara fito da sunansa tarin karin maganar Girkawa da Romawa ne tare da sharhi. Bugun farko na 1500 yana da kimanin 800, amma da ya zauna a maɗaba'ar Aldus Manutius a Venice a 1508, inda Girkawan da ke aiki a wurin suka ara masa littattafan hannu, sai adadin ya haura 3,000, kafin rasuwarsa kuma ya wuce 4,000. Na daɗe a gaban wasu littattafansa da aka baje a ɗakin sama, waɗanda masu tace littattafai na coci suka bi da baƙar tawada suka shafe layuka, wani wurin ma suka manna farar takarda a kan sakin layi guda. A wasu shafukan tawadar mai shafewa ta koɗe, rubutun da aka so a ɓoye ya sake fitowa.

Leuven garin jami'a ce tun 1425, kuma har yanzu kekunan ɗalibai ne suka cika titunanta. A wani gidan sufaye da ke bayan garin ne Erasmus ya tsinci littafin hannu na Lorenzo Valla a 1504, wanda a ciki wannan Ba'italiye ya gwada fassarar Latin ta Sabon Alkawari da asalin Girkanci ya nuna wuraren da suka saɓa, kuma daga wannan tsintuwa babban aikin rayuwar Erasmus ya samo tushe. Na sha tambaya kafin in sami abin da ya rage na Kwalejin Harsuna Uku, a wani ɗan lungu kusa da tsohuwar kasuwar kifi. An kafa ta a 1517 da dukiyar da Hieronymus Busleyden ya yi wasiyya da ita, domin a koyar da Latin da Girkanci da Ibrananci kyauta ga duk mai so. Ginin ba shi da wani kwarjini, amma daga cikin waɗanda suka zauna a darussansa akwai Andreas Vesalius, wanda ya sauya ilimin sanin jikin ɗan Adam, da Gerard Mercator mai taswira, kuma da ita Sarkin Faransa Francis na I ya yi koyi sa'ad da ya naɗa malaman harsuna a Faris a 1530. Malaman tauhidin Kirista na jami'ar ba su yi maraba da ita ba, domin sun fahimci cewa duk wanda ya iya Girkanci zai iya tambayar su hujja, kuma tsangwamarsu ce ta kori Erasmus daga garin a 1521. Wani malamin Leuven, Nicolaus Clenardus, ya koya wa kansa Larabci, ya bi ta Sifaniya har ya isa birnin Fas na Maroko a 1540 yana neman littattafai da malamai. Burinsa shi ne ya yi jayayya da Musulmi da harshensu ya jawo su ga addininsa, bai cim ma komai ba a wannan fanni, ya rasu a Granada a 1542.

A Antwerp na fi daɗewa, kuma a nan ne na sami amsar tambayar kuɗi. Tun farkon ƙarni na 16 jiragen Fotugal suke sauke masoro da sauran kayan ƙamshi na Indiya a bakin kogin Scheldt, attajiran Jamus irin su gidan Fugger na Augsburg suna kawo azurfa da jan ƙarfe, wanda wani ɓangarensa ake ƙerawa mundaye a kai gaɓar Afirka ta Yamma a yi ciniki da shi, cinikin da har bayi ke ciki. Wannan dukiya ce ta ciyar da masu zane da masu ɗab'i da malamai. Magatakardan garin, Pieter Gillis, masani ne kuma mai gyaran rubutu, da shi Thomas More ya haɗu a garin a 1515, kuma a ƙofar babbar majami'ar Antwerp More ya buɗe labarinsa na tsibirin Utopia, wanda aka buga a Leuven a 1516.

Gidan Plantin-Moretus, a dandalin Kasuwar Juma'a, shi ne wurin da na fi so a duk tafiyar. Christophe Plantin Bafaranshe ne da ya zo garin yana ɗinkin bangon littattafai, ya fara ɗab'i a 1555, kafin shekara ashirin kuma yana da aƙalla injuna 16 suna aiki. Zuriyar surukinsa, Jan Moretus, ta riƙe gidan har 1876 sa'ad da ta sayar wa hukumar birnin, kuma da yake iyalin ba masu zubar da kaya ba ne, sai komai ya tsira: injunan katako guda biyu da ake ɗauka su ne mafi tsufa da suka rage a duniya, akwatunan haruffan dalma, littattafan lissafin kuɗi, har da wasiƙun masu bin bashi. A shagon sayar da littattafai akwai ɗan ma'aunin da ake auna tsabar zinariya da azurfa, domin kuɗin ƙasashe daban-daban ake kawowa, kuma littattafan ba su da bango, mai saye ne ke kai wa maɗinki. Waɗanda za a kai babbar kasuwar Frankfurt, wadda ke ci sau biyu a shekara, a cikin ganguna ake shirya su saboda ruwa. A jikin bangon shagon an rataye jerin littattafan da hukuma ta haramta, wanda Plantin da kansa ya buga, domin shi mutum ne mai lallaɓa kowane ɓangare don kada kasuwarsa ta mutu.

Ɗakin masu gyara ne ya fi taɓa ni. Wani dogon tebur ne na itacen oak a gindin taga, da benci a kowane gefe, inda mutum ɗaya ke karanta asali da ƙarfi wani yana bin shafin gwaji da alƙalami, kamar yadda gardi ke kai allonsa gaban alaramma a yi masa darasu. A wannan aiki Cornelis Kiliaan ya shafe kusan shekara 50, yana kuma haɗa ƙamus na harshen Holanci a gefe. Plantin ya rubuta da kansa cewa 'ya'yansa mata tun suna ƙanana yake sa su karanta shafukan gwaji cikin harsuna daban-daban. Ta irin wannan tebur Baibul mai harsuna biyar ya bi, wato Ibrananci da Girkanci da Latin da Aramanci da Siriyanci, mujalladi takwas, wanda aka yi daga 1568 zuwa farkon shekarun 1570 ƙarƙashin kulawar malamin Sifaniya Benito Arias Montano, da alkawarin tallafin Sarki Philip na II. Duk wanda ya taɓa bin shafi guda yana farautar wasali ɗaya da ya ɓata zai san nauyin jera harsuna biyar, biyu suna tafiya daga hagu uku daga dama, ba tare da an gauraya su ba. A ganina a irin wannan ɗaki ne ainihin aikin farfaɗo da ilimi ya gudana, ko da yake sunayen mazauna ɗakin ba su cika fitowa a bangon littafi ba.

Akwai wani abu da ya haɗa wannan maɗaba'a da ƙasarmu. A 1556, shekara guda bayan ya fara ɗab'i, Plantin ya buga fassarar Faransanci ta littafin bayanin Afirka na Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a wannan shekarar kuma wata maɗaba'a ta Antwerp ta fitar da shi da Latin. A cikin littafin akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, har marubucin ya ce dukawan Gobir suna ɗinka takalma irin waɗanda Romawan dauri ke sawa, ana kai su Tambutu da Gawo. Daga wurinsa masu taswirar wannan ƙarni suka ɗauki sunayen garuruwanmu. Wani surukin Plantin ɗin, Franciscus Raphelengius, shi ya sa aka ƙera haruffan Larabci a Leiden ta ƙasar Holan, ya kuma haɗa ƙamus na Larabci da Latin da aka buga a 1613 bayan rasuwarsa. Komawarsa Leiden tana da nasaba da faɗuwar Antwerp: sojojin Sifaniya da ba a biya albashi ba sun wawashe garin a 1576, ya faɗa hannun Sifaniya a 1585, aka toshe kogin, dubban 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ƙaura zuwa Holan da dukiyarsu da iliminsu.

Na ratsa ta Mainz, garin Gutenberg wanda ya ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, na ga Baibul ɗinsa na wajen 1455 a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ban daɗe ba na wuce. Abin lura kawai shi ne kafin shekarar 1500 an riga an kafa injin ɗab'i a garuruwa fiye da 200 na Turai.

Nuremberg ta sha ruwan bama-bamai a watan Janairu na 1945, yawancin abin da ake gani a cikin ganuwa sake ginawa aka yi, amma gidan mai zane Albrecht Dürer da ke gindin fadar garin ya tsira da rauni. Dürer ɗan wani maƙerin zinariya mutumin Hangari ne, an haife shi a 1471, ubangidansa na baftisma kuwa shi ne Anton Koberger, babban mai maɗaba'ar garin, wanda ya buga wani katon littafin tarihin duniya a 1493 mai hotuna fiye da 1,800. Da yake allunan sassaƙan ba su kai 700 ba, sai aka riƙa maimaita hoto ɗaya ga garuruwa daban-daban, ana sauya suna kawai, masu saye kuma ba su damu ba. Dürer ya damu. Bayan ya je Venice, musamman zuwansa na 1505 zuwa 1507, ya dawo da yaƙinin cewa zane ilimi ne mai ƙa'ida, wanda ke tsaye a kan lissafi da awo. Ya sayi littafin Euclid, masanin lissafi na Girkawan dauri, a can, ya rubuta wa abokinsa Willibald Pirckheimer cewa a Venice ana ɗaukarsa mutumin kirki mai daraja, a gida kuwa ɗan cin arziki, daga baya kuma ya wallafa littafin awo a 1525 da na daidaiton gaɓoɓin jiki a 1528, dukansu da Jamusanci domin masu sana'a da ba su iya Latin ba su amfana.

A saman gidan wata mata tana nuna yadda ake buga hoto daga farantin jan ƙarfe. Ta cusa tawada cikin tsagin da aka yi da ƙarfen sassaƙa, ta goge fuskar farantin da ƙyalle, ta ƙarasa da tafin hannunta, ta ɗora takarda mai danshi, ta juya injin, da ta ɗaga takardar sai ga layuka sirara kamar gashi. Da wannan dabara Dürer ya zama sananne a duk Turai tun yana da rai, domin zanen launi yana zaune a majami'a ɗaya, hoton ɗab'i kuwa ɗaruruwa ne, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi. Matarsa Agnes da mahaifiyarsa ne ke kai su kasuwa. Hotonsa na karkanda na 1515 ya yi shi ne daga wasiƙa da ɗan zanen wani, domin bai taɓa ganin dabbar ba, wadda Sarkin Gujarat ya bai wa Turawan Fotugal aka kai Lisbon, amma duk da sulken da ya ƙara mata, wannan hoto ne Turawa suka riƙa ɗauka a matsayin karkanda fiye da shekara 200. Da ya je Antwerp da Brussels a 1520 zuwa 1521, ya rubuta kowane kwabo da ya kashe, ya ga kayan zinariya da aka kwaso daga Meziko ya yaba basirar mutanen da suka ƙera su, ya zana Erasmus, ya kuma zana wata 'yar Afirka mai suna Katharina, 'yar shekara 20, wadda ke aiki a gidan wakilin kasuwancin Fotugal. Ya zana ta idanunta a ƙasa, da irin kulawar da yake zana attajirai.

Gidan da Dürer ya saya a 1509 na wani masanin taurari ne, Bernhard Walther, almajirin shahararren masanin taurari Regiomontanus, kuma garin ya shahara da ƙera kayan awon taurari. A nan aka buga fassarar Latin ta littattafan al-Farghani da al-Battani, masana taurari na duniyar Musulunci, a 1537, maɗaba'ar da ta yi wannan aiki, ta Johannes Petreius, ita ce kuma ta buga littafin Copernicus a 1543, wanda ya ce duniya ce ke kewaya rana. A babban gidan tarihin garin na ga ƙwallon taswirar duniya na Martin Behaim, wanda aka fara a 1492, babu nahiyar Amurka a jikinsa. Sai dai kada ƙyallin wannan ilimi ya rufe wa mutum ido. Garin da ke alfahari da malamai ya kori Yahudawansa a 1499, shekaru kaɗan kafin Johannes Reuchlin ya buga nahawun Ibrananci a 1506, ya kuma sha shari'a ta shekaru saboda ya ce kada a ƙone littattafan Yahudawa. Caritas Pirckheimer, 'yar'uwar Willibald, shugabar gidan mata masu zuhudu wadda ke musayar wasiƙu da malamai da Latin, ta ga yadda hukumar garin ta matsa wa gidanta bayan an karɓi tafarkin Martin Luther, malamin Jamus da ya raba gari da cocin Katolika, a 1525.

A hanyar Basel na sauka a Sélestat, wani ƙaramin gari a yankin Alsace na Faransa, domin ganin ɗakin karatun da aka kafa a 1452, wanda yanzu yake cikin tsohuwar kasuwar hatsi. Beatus Rhenanus, ɗan mahauci ne kuma aminin Erasmus, ya bar wa garinsu littattafansa kusan 670 da ya rasu a 1547. Akwai littafin rubutunsa na makaranta tun yana ɗan shekara 13 ko 14: matanin Latin a tsakiya da manyan haruffa, bayanin malami a tsakanin layuka da gefe da ƙananan haruffa, wani wurin da Jamusanci. Shi ne ya gano littafin hannu na marubucin tarihin Rum Velleius Paterculus a gidan sufaye na Murbach a 1515, aka buga a 1520, daga baya littafin hannun ya ɓace, ta yadda in ba don wannan aiki ba da kusan babu abin da zai rage na marubucin.

Basel tana bakin kogin Rhine a Suwizalan, na haye kogin a wani ɗan jirgin fito da aka ɗaure da igiyar ƙarfe, ƙarfin ruwa kaɗai ke tura shi. A unguwar Saint Alban akwai tsohuwar masana'antar takarda da har yanzu ruwa ke juya mata ƙafa, manyan guduma na itace suna daka tsummoki har su zama kunu. An ba ni matacin waya na tsoma a cikin kunun, na ɗago, na girgiza, ruwan ya tsiyaye ya bar farar takarda. Wannan sana'a daga Sin ta taso, ta bi ta Samarkand da Bagadaza da Andalus kafin ta iso Italiya da Jamus, kuma ba don arahar takarda ba da injin Gutenberg bai yi nisa ba. Takarda da jami'ar da aka kafa a 1460 su suka jawo masu ɗab'i, masu ɗab'i kuma suka jawo Erasmus. A maɗaba'ar Johann Froben ya fitar da Sabon Alkawari da Girkanci tare da Latin a 1516. An yi aikin cikin gaggawa, daga 'yan littattafan hannu da ba su da tsufa sosai, kuma da ya tarar ayoyi shida na ƙarshen littafin Ru'ya ta Yohanna sun ɓace daga kwafin da ke hannunsa, sai ya mayar da su Girkanci daga Latin, abin da ya saɓa wa ƙa'idar da shi kansa yake wa'azi a kai. Da bugu na biyu na 1519 Martin Luther ya yi fassararsa ta Jamusanci a 1522.

Daga nan al'amarin ya fi ƙarfin malaman. Erasmus yana son gyara cikin lumana, ya yi wa malaman coci ba'a amma ya ƙi barin cocin Katolika, ya rubuta raddi ga Luther a 1524 a kan zaɓin ɗan Adam, sai ya zama kowane ɓangare na zarginsa. A watan Fabrairu na 1529 jama'ar Basel suka shiga majami'u suka farfasa gumaka da zane-zane suka cinna musu wuta, shi kuma ya tattara ya koma Freiburg. Hans Holbein, matashin mai zane da ya zo garin a 1515, wanda ya zana Erasmus yana rubutu a 1523, tun a 1526 ya ga kasuwar zane ta mutu, ya karɓi wasiƙar gabatarwa daga Erasmus ya nufi Ingila wurin Thomas More. Ta haka salon zanen Jamus ya isa fadar Sarki Henry na VIII, sarkin da ya sa aka fille wa More kai a 1535. Erasmus ya dawo Basel a shekarar, ya rasu a Yulin 1536, aka binne shi a babbar majami'ar garin mai jan dutse duk da cewa ta riga ta koma hannun Furotesta. A 1559 Rum ta sa dukan littattafansa cikin jerin haramtattu.

Shekarar 1543 ta ishi mutum ya auna Basel. A cikinta maɗaba'ar Johannes Oporinus ta buga babban littafin Vesalius na sassan jiki, kuma ƙwarangwal ɗin da Vesalius ya haɗa da hannunsa bayan ya feɗe gawar wani da aka yanke wa hukuncin kisa yana nan a gidan tarihin jami'ar, na gan shi. A cikinta kuma Oporinus ya fitar da fassarar Alƙur'ani mai girma da Latin, tsohuwar fassarar Robert na Ketton ta 1143, wadda Theodor Bibliander ya shirya. Majalisar garin ta kama Oporinus ta tsare na ɗan lokaci a 1542 saboda wannan aiki, sai da Luther ya rubuto wasiƙa aka bari littafin ya fita. Hujjar Luther ita ce a san Musulunci domin a yi masa raddi, a daidai lokacin da rundunar Daular Usmaniyya ke Hangari, fassarar kuma cike take da son zuciya da kura-kurai. Ban ga dalilin yi wa abin kwalliya ba, sai dai na lura cewa ƙa'idar komawa ga asali, da zarar an kafa ta, takan kai mutane inda ba su yi niyya ba, domin jikokin waɗannan malamai ne suka zauna suka koyi Larabci sosai a Leiden. A Basel ɗin ne kuma Sebastian Castellio, malamin Girkanci, ya fito a 1554 ya yi tir da ƙone Michael Servetus da aka yi a Geneva saboda aƙida.

Zanen Holbein da yawa sun tsira ne saboda wani lauya, Bonifacius Amerbach, ɗan mai maɗaba'a kuma magajin Erasmus, da ɗansa Basilius, waɗanda suka tara su. Da aka so sayar da tarin zuwa Amsterdam, sai birnin da jami'ar suka saye shi a 1661, shi ne tushen gidan zane-zanen Basel na yau. Amerbach ne kuma ya zartar da wasiyyar Erasmus, wadda ta ware dukiyarsa domin tsofaffi da gajiyayyu, da 'yan mata marasa galihu da ke shirin aure, da ɗalibai masu hazaƙa. Littattafansa ba sa cikin gadon, domin tun a 1525 ya sayar da su ga wani matashin basarake ɗan ƙasar Folan, Jan Łaski, bisa sharaɗin zai ci gaba da amfani da su muddin ransa. Bayan rasuwarsa aka ƙirga su, sun haura 400, aka ɗaure aka aika Folan.